An nemi likitanci, an ba da fiziyoloji: me kwas ɗin ya ƙunsa, ina kuma yake kai mai shi?

Duk shekara idan jami'o'in Najeriya suka fara sakin sunayen waɗanda suka ɗauka, akwai tambayar da ba ta rasa zuwa a wasu gidaje. Yaro ya cike likitanci a fom ɗin JAMB, ya ci maki mai kyau, ya je tantancewar jami'a, ranar da ya buɗe shafinsa sai ya tarar an miƙo masa wani kwas wai shi fiziyoloji. Mahaifinsa ya ce, "To wannan ɗin, likita za ka zama ko kuwa?" Yaron shi ma bai sani ba. A majalisa wani ya ce ai duk ɗaya ne, tunda farar riga iri ɗaya suke sawa. Wani ya ce masu gashin ƙashi ne. Wani kuma ya ce a karɓa kawai, in ya yi shekara ɗaya za a mayar da shi likitanci.

Amsa ta farko da ta biyu kuskure ne. Ta ukun takan faru, amma ga 'yan ƙalilan. Ruɗanin yana da tushe biyu: mutane ba su san abin da ilimin ya ƙunsa ba, sannan ba a cika bambance digiri da lasisi ba.

Ma'anar kalmar

Fiziyoloji shi ne ilimin yadda jiki mai rai yake tafiyar da aikinsa. Anatomi, ɗan'uwansa na kusa, ƙira yake bayani: ina ƙoda take, yaya girmanta, wace jijiya ce ta shige ta. Fiziyoloji kuwa abin da yake tambaya shi ne me ƙodar take yi, wa ke ba ta umarni, me take yi idan ruwa ya yi wa jiki ƙaranci. Na ukunsu, bayokemistiri, yana sauka ne har zuwa sinadaran da ke cikin ƙwayoyin halitta. Waɗannan ukun su ne duwatsun murhun karatun likita. Duk ɗalibin MBBS, wato digirin likitanci, sai ya ci jarrabawarsu kafin a bar shi ya shiga asibiti ya fara ganin marasa lafiya, kuma a wannan jarrabawar ce da yawa suke tsayawa.

Ba shi ne fiziyoterafi ba, wato aikin da muke kira gashin ƙashi, ba kuma shi ne saikoloji ba, ilimin halayyar ɗan Adam. Kamar suna ce kawai.

Mai azumi a bazara ya isa misali. A ce watan Afrilu ne a Sakkwato ko Maiduguri, zafi ya haura digiri 40, rabon mutum da ruwa tun sahur. Zufa tana fita don ta sanyaya fata, ruwan da ke cikin jini yana raguwa, gishirinsa yana ƙara kauri. Akwai wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke jin wannan kaurin. Shi ne zai tayar da ƙishirwa, ya kuma sa a saki wani sinadari da ake kira ADH cikin jini. Sinadarin ya isa ƙoda ya ce mata ta riƙe ruwa. Ƙodojin nan biyu a rana guda suna tace ruwan da ya kai kimanin lita 180, amma abin da ke fita a fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba, sauran duk mayar da shi suke yi cikin jini. Da wannan umarnin sai su ƙara matsewa, shi ya sa bayan la'asar fitsarin mai azumi yake zama ɗan kaɗan, launinsa ya yi duhu. A daidai lokacin kuma hanta tana warware sukarin da ta adana tana zuba wa jini kaɗan-kaɗan, don ƙwaƙwalwa ba ta jure yankewar sukari. Idan ajiyar ta yi ƙasa, jiki ya juya ga kitse. Duk wannan yana gudana mutum yana kan tabarma yana jiran kiran salla, zafin jikinsa bai bar kusa da digiri 37 ba.

Wannan riƙe daidaiton cikin jiki duk yadda waje ya sauya shi ne ƙashin bayan ilimin. Bafaranshe Claude Bernard ne ya fara fito da tunanin a ƙarni na 19, Ba'amurke Walter Cannon ya ba shi sunan da ake amfani da shi yanzu, homiyostasis. Cututtuka da yawa da muka sani lalacewar wannan daidaiton ce: hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda.

Mai son ganin amfanin wannan ilimi a aikace ya duba ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa. A 1960 wani masani, Robert Crane, ya bayyana cewa bangon ƙaramin hanji yana shigar da sukari ne tare da gishiri, ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi bayansu. Daga baya aka gano ƙwayar kwalara, duk da ruwan da take sa hanji ya zubar, ba ta rufe wannan ƙofar ba. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare, sai wani likita, Dilip Mahalanabis, ya riƙa ba mutane haɗin ta baki. Mace-macen ya sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Likita ne ya ba da haɗin, amma a ɗakin binciken fiziyoloji aka gano dalilin da ya sa yake aiki. Bambancin aikin biyu ke nan a taƙaice.

Tarihinsa ma ba baƙo ba ne ga duniyar Musulmi. Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana cewa jini yana barin ɓangaren dama na zuciya ya bi ta huhu kafin ya dawo hagu, saɓanin abin da aka gada daga Galen, likitan Girka na zamanin da. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya fito da cikakken bayanin zagayen jini. Kyautar Nobel da jaridu ke cewa ta likitanci, cikakken sunanta kyautar fiziyoloji ko likitanci ne, tun da aka fara ba da ita a 1901. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci ta 2021, David Julius, da sinadarin yajin barkono ya gano yadda jijiyoyi ke jin zafi.

Yadda karatun yake a jami'a

Shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta UTME, wato jarrabawar JAMB, uku ga wanda ya shiga aji biyu kai tsaye. Abin da ake nema a takardar sakandare bai bambanta da na likitanci ba: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizik. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri duk suna da sashen, a ƙarƙashin kwalejojinsu na likitanci.

Shekarar farko kimiyyar gama-gari ce. Daga ta biyu ake shiga jiki ɓangare-ɓangare: jini, zuciya da jijiyoyinta, numfashi, narkewar abinci, ƙoda, sinadaran homon, haihuwa, sai ƙwaƙwalwa da laka, inda ɗalibai suka fi kuka. Ana haɗawa da anatomi da bayokemistiri da ɗan ilimin magunguna da ƙididdiga.

A ɗakin gwaje-gwaje ɗalibi da jikinsa yake fara koyo. Zai huda ɗan yatsansa ya ɗiga jini a kan farin faranti, ya ɗiga masa ruwan gwaji shuɗi a gefe ɗaya, rawaya a ɗaya gefen, ya zuba ido ya ga wanne zai guda, daga nan ya san rukunin jininsa. Zai tsinka jinin ya sa a wani ɗan gilashi mai zanen murabba'i, ya leƙa madubin likita yana ƙirga jajayen ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya yi ruwa. Zai ɗaura wa abokinsa abin awon jini a dantse, ya sa shi ya hau bene da gudu, ya sake aunawa. Inda ake da kayan aiki akwai awon ƙarfin huhu da zanen bugun zuciya na ECG. Tsohon gwajin nan na tsokar ƙafar kwaɗo, wadda ake taɓa jijiyarta da ɗan lantarki ta harba, har yanzu yana cikin manhaja.

A shekarar ƙarshe sai binciken kammalawa, kuma galibi da fararen ɓeraye ake yin sa. A sa musu ciwon suga da wani sinadari, a raba su rukuni-rukuni, a riƙa ɗura wa wasu ruwan ganyen zogale ko zoɓo ko wani tsiro da aka sani a gargajiyance, ana auna jininsu na 'yan makonni. Kuɗin ɓerayen da abincinsu da sinadaran sau da yawa daga aljihun ɗalibi yake fita, abin da iyaye ba su cika sa shi a lissafi ba.

Abu ɗaya da babu shi a duk shekarun nan huɗu shi ne maras lafiya. Ba a koya wa ɗalibin tambayar majinyaci tarihin ciwonsa, ko duba shi, ko rubuta masa magani.

Abin da ya sa ake tura ɗalibai can

Masu zama UTME a 'yan shekarun nan sun kusa miliyan 2 a shekara, likitanci kuma yana cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi a kansu. Amma jami'a ba ta da ikon ɗaukar duk yawan da ta ga dama. Majalisar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori, MDCN, ita ce take yanka wa kowace makarantar likitanci kasonta, bisa yawan malamai, gadajen asibitin koyarwa, ɗakunan gwaji da masauki. Makarantar da ta zarce kaso tana iya jefa ɗalibanta cikin matsalar rajista. Gwamnatin tarayya ta sanar da ninka kason ƙasar baki ɗaya daga kimanin 5,000 zuwa kimanin 10,000, saboda likitocin da ke ficewa ƙasashen waje. Ko da wannan ƙarin, gurbin bai kama ƙafar masu nema ba.

Sai jami'a ta wayi gari da ɗaruruwan yara masu maki mai yawa, babu kujerar da za ta ba su. Fiziyoloji da anatomi da bayokemistiri ba su da wata majalisar sana'a da ke yanka musu kaso irin wancan, darussan da aka zauna a UTME kuma iri ɗaya ne. Nan ne mafi sauƙin kai su. Akwai hanya ta biyu da ake cika sashen: ɗaliban da suka fara MBBS amma suka kasa tsallake shekarar farko ko jarrabawar nan ta darussa uku, sau da yawa nan ake sauke su don kada su fita hannu rabbana.

Abin da wannan ya haifar shi ne aji mai cike da mutanen da yawancinsu ba shi suka zaɓa ba. Sunan da kwas ɗin ya yi na "inda ake zuba waɗanda ba su samu ba" daga nan ya samo asali, ba daga sauƙin karatun ba. Wanda ya ga takardar jarrabawar jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ba zai ce da sauƙi ba.

Tun 2017 JAMB take tafiyar da ɗaukar ɗalibai ta manhajarta ta CAPS. Idan jami'a tana son sauya wa ɗalibi kwas, sai ta tura masa tayi ta nan, shi kuma ya amince ko ya ƙi. Ma'ana zaɓin yana hannun ɗalibi, ko da yake yaro ɗan shekara 17 da yake tsoron zaman gida ba kasafai yake jin yana da zaɓi ba.

Digiri daban, lasisi daban

Nan ne gizo ke saƙar. A fannin lafiya a Najeriya, takardar jami'a ba ita ce ke ba mutum damar taɓa maras lafiya ba, rajista da majalisar sana'arsa ce. Likita yana da MDCN. Nas da ungozoma suna da tasu majalisar. Masu harhaɗa magunguna suna da PCN, masu gwaje-gwajen asibiti suna da MLSCN, masu gashin ƙashi da masu ɗaukar hoton asibiti kowa da hukumarsa. Karatun digirinsu shekara biyar ne ko shida, bayan sun gama kuma akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da albashi, kafin cikakken lasisi.

Mai digirin fiziyoloji ba ya cikin ko ɗaya. Yana gamawa sai bautar ƙasa. Yana iya fin nas sanin yadda ƙoda ke tace jini, amma doka ba ta ba shi damar sa wa kowa ruwa ba. Ya iya ƙirga ƙwayoyin jini, amma dokar 2003 da ta kafa MLSCN ta keɓe aikin ɗakin gwajin asibiti ga masu rajista. Idan ya buɗe ɗaki a unguwa yana duba mutane saboda 'yan gida suna kiransa Dokta, laifi ya aikata a ƙarƙashin dokar aikin likita, daidai da wanda bai taɓa shiga jami'a ba.

Sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022, wadda ake kira CCMAS, ta ƙara fito da wannan rarrabuwa fili. Likitanci da likitancin haƙori rukuni ɗaya ne. Sana'o'in lafiya na taimako, irin su aikin jinya da gashin ƙashi, rukuninsu daban. Fiziyoloji da anatomi suna rukunin kimiyyar da ke zama tushen likitanci. Manhajar ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta, NUC ta riƙe kashi 70. Wannan kashi 30 ɗin ƙofa ce ga sashen da yake son ƙara wa ɗalibansa abin da kasuwa ke nema, kamar sarrafa alƙaluman bincike da kwamfuta ko aiki da na'urorin awo. Amma manhaja ba ta ba da lasisi, wannan sai dokar majalisar tarayya.

Shawarar da ke zuwa daga waje

Wani ɓangare na ruɗanin daga intanet yake. Yaro zai bincika ya ga ana cewa fiziyoloji yana cikin kwasa-kwasan da suka fi dacewa da mai son zama likita. Gaskiya ne, amma a Amurka. Can ba a shiga makarantar likitanci daga sakandare. Sai mutum ya yi digirin farko na shekara huɗu, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan ya nemi gurbi na wasu shekaru huɗu. A irin wannan tsari fiziyoloji matakala ce da kowa ya sani. A Najeriya babbar ƙofar MBBS daga sakandare take, shekara shida a jere.

A Birtaniya kuma akwai ma'aikatan asibiti da ake kira masana fiziyoloji na asibiti. Su ke yin hoton zuciya, su duba na'urar da ake dasa wa masu ciwon zuciya, su auna numfashi da barci da lantarkin ƙwaƙwalwa. Sai dai horonsu na musamman ne, da zama a asibiti a cikinsa. Digirin shekara huɗu na nan ba ya mayar da mutum hakan kai tsaye, ko da zai iya zama tushe.

Masu cewa a karɓa da masu cewa a jira

Masu cewa a karɓa hujjarsu ita ce da babu gara ba daɗi. Babu wanda zai rantse cewa makin baɗi zai fi na bana, kuma ko ya fi, kason nan dai shi ne. Akwai waɗanda suka yi shekara uku suna sake JAMB, ƙarshe suka karɓi abin da suka ƙi tun farko. Ga 'ya mace kuma, a wasu gidaje shekarar zaman jira takan zama ƙarshen maganar karatun gaba ɗaya. Suna ƙarawa da cewa digiri digiri ne: yawancin ayyukan gwamnati da bankuna da ƙungiyoyi ba sa tambayar kwas, darajar sakamako suke dubawa.

Masu cewa a jira lissafi suke yi. Wanda ya samu MBBS kai tsaye, shekara shida da ɗaya ta sanin makamar aiki da ɗaya ta bautar ƙasa, takwas ke nan. Wanda ya zauna shekara guda ya sake jarrabawa ya dace, tara. Wanda ya bi ta fiziyoloji: huɗu, da bautar ƙasa, sannan in ya samu shiga aji biyu na MBBS ya yi biyar, da ta sanin makamar aiki, sha ɗaya. Wannan idan babu yajin aiki, alhali na ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Suna kuma cewa in lasisi ake so, gara a nemi aikin jinya ko gwaje-gwaje ko ɗaukar hoto, ko ma kwalejin jinya, da a ɗauki digirin da ba ya kai mutum bakin gadon maras lafiya.

Akwai murya ta uku da ba a cika ji ba, ta malaman sashen. Su a ganinsu tambayar ce ba daidai ba. Ana auna kwas ɗin da ma'aunin da ba nasa ba, kamar a ce wa mai karanta fizik ya yi asara don bai zama injiniya ba. Kowace sabuwar makarantar likitanci ko ta jinya da aka buɗe tana buƙatar mai koyar da fiziyoloji, kuma ƙara kason ɗalibai yana nufin ƙara buƙatar malamai. Ga tambayoyin da suka shafi mutanenmu kai tsaye, waɗanda sai mai wannan ilimin zai iya bi: abin da zafin bazara ke yi wa ƙodar manomi da lebura, yadda ƙurar hunturu ke taɓa numfashi, yadda jikin mai sikila ke fama da ƙarancin iskar oksijin, gaskiyar abin da ake faɗa kan tsirran gargajiya. Raunin wannan hujja shi ne kujerun koyarwa da bincike kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu gamawa a kowace shekara, kuma ɗakunan bincike da yawa ba su da kayan da za su ɗauki irin waɗannan tambayoyin.

Kowane ɓangare yana da gaskiya a kan mutumin da yake hange. Na farko yana hangen wanda yake son digiri, na biyu wanda ba ya son komai sai likitanci, na uku wanda zai iya son ilimin don kansa.

Ƙofar komawa likitanci

Ƙofofi biyu ake magana a kansu. Ta farko sauya kwas a cikin jami'a bayan shekarar farko. Wannan ya danganta ga dokar kowace jami'a, kuma tunda kason MBBS a cike yake tun ranar farko, gurbi ba ya samuwa sai in wani ya fita. Wasu jami'o'in ma sun rufe ƙofar gaba ɗaya. Wanda ya karɓi kwas a kan alƙawarin baki cewa "za a san yadda za a yi" yana iya ƙarewa da jiran gawon shanu.

Ta biyu ita ce shiga kai tsaye, DE, bayan kammala digiri. Jami'o'i da dama suna karɓar mai digirin fiziyoloji zuwa aji biyu na MBBS, yawanci da sharaɗin sakamako mai daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu. Kujerun 'yan kaɗan ne, kuma daga cikin kason nan dai ake cire su. Wani abin lura: ɗalibin da ya shafe shekara huɗu yana karatu da rabin zuciya, ido yana kan likitanci, shi ne ya fi fita da sakamakon da ba zai buɗe masa wannan ƙofar ba. A Ghana, Jami'ar Ghana tana da shiri na musamman na likitanci ga masu digirin farko, wanda ya fi kama da tsarin Amurka. Jami'o'in kuɗi na gida da na waje ma suna nan ga mai hali.

Abin da iyali za su sa rai da shi

Wanda ya fita da sakamako mai ƙarfi, hanyar da ta fi miƙewa ita ce digiri na biyu da na uku, ya zama malamin jami'a ko mai bincike a wurare irin su cibiyar binciken likitanci ta ƙasa, NIMR, da ke Yaba a Legas, ko cibiyar binciken magunguna, NIPRD, a Abuja. Ta wannan hanyar zai zama Dokta, amma na ilimi. Doguwar hanya ce, kuma albashin farkonta ba shi da yawa. Ta nan ne kuma ake samun tallafin karatu a waje, domin masu ba da tallafin bincike a fannin ƙwaƙwalwa ko zuciya ko magunguna irin wannan tushen suke nema.

Wasu sukan juya zuwa kiwon lafiyar al'umma su yi digiri na biyu a can, su shiga ƙungiyoyin da ke aikin rigakafi da abinci mai gina jiki, waɗanda suke da yawa a arewa. Wasu kuma tallace-tallace suke yi wa kamfanonin magunguna a asibitoci. Wasu suna koyarwa a kwalejojin jinya da na kimiyyar lafiya. Da yawa kuma bayoloji suke koyarwa a sakandare, wanda a ƙa'ida yake buƙatar difilomar koyarwa da rajistar TRCN, majalisar rajistar malamai. Wanda ya shiga aikin gwamnati a mataki na 8 zai fara kamar kowane mai digiri, ba a kan tsarin albashin likitoci ba.

Ga uban da yake sa ran bayan shekara shida za a samu likita a gida, mai duba 'yan uwa, mai albashin da zai ɗauki nauyin ƙanne, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma ya fi sauƙin haɗiya tun kafin a biya kuɗin rajista. Tambayoyin da sashen zai iya amsawa a rubuce su ne: ko dokar jami'ar ta yarda da sauyawa zuwa MBBS, mutum nawa aka sauya wa bara, kujeru nawa ake ware wa masu DE, da wane sakamako.

Ita kuma manhajar CAPS ba ta san alƙawarin baki ba. Da zarar yaro ya danna amincewa, sauran jami'o'i sun daina ganinsa a wannan shekarar, sunansa ya shiga kundin JAMB da kwas ɗin da ya karɓa, kuma da wannan kundin hukumar NYSC za ta yi aiki ranar da zai tafi bautar ƙasa.